Mu Huɗu a Tahtin Ustaz Bakur

Jiya ɗayanku ya danna maɓalli a jikin akwatin lantarkin nan da kuke kira urg, ganga ta fito, sarewa ta fito, har da tafin mutanen da ba su zo wurin ba. Ya juyo ya ce mini wai kiɗa ai ba wuya. Ban tanka masa ba saboda shayina bai huce ba. Yau zan tanka, kuma ku sauran ku zauna, tunda tare kuka yi dariyar.

Ni ba makaɗi aka haife ni ba. Mahaifina Bahaushe ne daga Sudan, ya ƙetaro teku da mu ina goye, ya zauna a unguwar Kurayyat a nan Jidda yana ɗaukar ruwa a gwangwani yana kai wa gidaje. Da na tasa ya kai ni shagon wani kafinta, wanda shi ne ya zama kafilina daga baya, wato mai tsaya mini a wurin hukuma, sunana yana kan takardarsa. Ƙofa nake yi, da taga, da akwatin amarya. Kiɗan da na sani shi ne na gangar unguwa ranar salla.

Aikin da ya canza mini hanya ya shigo shagon ne naɗe cikin bargo. Wani dogon mutum baƙi ya kawo shi, da farar jallabiya da babu ko ɗigon datti, ya jira sai da sauran masu ciniki suka watse kafin ya buɗe. A lokacin ba a yawo da kayan kiɗa a fili a garin nan. In an gan ka da su ana iya tare ka, a karɓe, wani lokaci a fasa a gabanka. Abin da ke cikin bargon wani faifan katako ne mai gefe ɗaya a karkace, da tsirkiyoyi sun fi saba'in a shimfiɗe a kansa uku-uku. Ya ce sunansa ƙanun. Fatar da jakin tsirkiyoyin ke zaune a kanta ta yage, kuma katakon gefe ya buɗe. Maigidana ya ce shi ba ya taɓa irin wannan. Ni na ce a bar mini.

Mutumin ya dube ni ya yi mini Hausa, irin Hausar waɗanda aka haifa a nan, rabi Larabci. Ya tambaye ni ko na san fatar mece ce. Na ce ta akuya. Ya ce in sa ta akuya in gani, shi kuma zai sa ni a teku. Fatar kifi ce. Shi ne Ustaz Bakur. Kakanninsa alhazai ne da suka zo da ƙafa ba su koma ba, shi kuma ya koyi udu, molon Larabawa, da tsoffin waƙoƙin Hijaz a wurin wani dattijo a Makka, wanda ya mutu ya bar masa wannan ƙanun ɗin ba mai kaɗawa.

Kwana goma sha ɗaya na yi a kan aikin. Na je bakin teku wurin masunta na zaɓi fata da hannuna, na kankare ta, na shanya a inuwa domin rana tana busar da ita ta karye. Ta farko ta tsage ina ja. Ta biyu ta kama. Da na gama, na rasa yadda zan san ko aikin ya yi, sai na ɗauki mabuɗin da ke cikin bargon na fara murɗa tsirkiyoyin, ina taɓa uku-ukun nan har sai na ji sun daina faɗa da juna sun zama murya ɗaya. Ba wanda ya gaya mini haka ake yi. Kunnena ne kawai bai yarda da su ba in sun saɓa. Da Ustaz Bakur ya zo karɓa, ya ja yatsa a kansu sau ɗaya, ya tsaya, ya tambayi wanda ya ɗaure su. Na ce ni ne. Ya ce gobe bayan la'asar in same shi a gida.

Ku da kuke koyon waƙa uku a mako, ku ji wannan. Shekara ta farko ban kaɗa waƙa ko ɗaya ba. Ɗaurin tsirkiya kawai. In na iso, zan tarar ya sassauta guda biyar ko shida bai gaya mini waɗanne ba, ya zauna yana jan carbi, ni kuma in nemo su. Tsirkiyoyin wancan zamani na hanjin tunkiya ne, kuma Jidda gari ne da iskarsa ke ɗauke da ruwa. Ka ɗaure da safe, kafin azahar laima ta shiga, komai ya sauka. Fatar kifin ma takan yi sanyi ta saki, sai ka kusantar da ita ga kaskon gawayi, ba kusa sosai ba, kana taɓawa da bayan hannu kamar mai duba zazzaɓin jariri. Bayan wannan aka ba ni risha, ɗan tsinken ƙaho da ake maƙalewa da zobe a yatsun manuni biyu. Ni na fere tawa, na goge ta a kan dutse har ta yi laushin da nake so. Kuma ƙanun ɗin tsoho ne, ba shi da ƙananan maɓallan ƙarfen nan da ake ɗagawa yanzu a canza sauti. In kana son rabin sauti ko rubu'insa, da farcen babban yatsan hagu za ka danne tsirkiya yayin da hannun dama ke gudu. Ku duba farcen nan. Ramin da ke tsakiyarsa bai taɓa cikewa ba.

A shekara ta uku Ustaz Bakur ya ce na isa in zauna da mutane. Mutanen biyu ne. Abdu, Bahaushen Sudan irina amma shi da girmansa ya zo, yana gyaran tayar mota da rana, yana busa nai, wato sarewar kara. Yana da guda bakwai a cikin jakar fata, kowacce da tsawonta, yana shafa musu man riɗi duk Juma'a. Sai Hamza, haifaffen Jidda, ɗan dako a tashar jiragen ruwa, mai hannu kamar faranti, wanda ke riƙe da riƙƙi, ɗan ƙaramin bandiri mai ƙararrawa a gefe. In ka ga hannunsa za ka ce zai murƙushe abin. Amma yana iya sa ƙararrawa guda ɗaya ta yi magana sauran su yi shiru. Ustaz Bakur na kan udu, kuma shi ke waƙa. Irin wannan zama na mutum huɗu ko biyar shi ake kira tahti.

Abin da ba ku sani ba shi ne, a tahti babu inda mutum zai ɓuya. In ku ashirin ne kuka yi kuskure, hayaniya ta rufa muku asiri. Mu huɗu ne a ɗaki, mai sauraro yana nesa da kai da taku uku, yana jin numfashinka. Babu takarda a gabanmu, babu mai ɗaga sanda. Muna fara wasla, wato jerin kiɗa da waƙa a kan maƙami ɗaya, salon sauti guda ke nan, wani bayan wani ba tsayawa, abin da kan ɗauki kusan awa. A tsakiya kowa yana da gurbin da zai fita shi kaɗai ya faɗi abin da ke kansa a wannan rana, ya dawo. Yaushe zai dawo? Ba a ƙirgawa. Ni ina sanin Abdu ya kusa saukowa ne daga yadda kafaɗarsa ta dama ke sunkuyawa. Hamza yana sanin Ustaz zai shiga waƙa daga yadda yake haɗiye yawu. Shekara huɗu muka yi muna zama a ɗakin Ustaz, tagogi a rufe da katifa, kafin mu yarda wani ya ji mu.

Aikinmu na farko a gidan wani ɗan kasuwa ne a tsohon gari, Ammi Sadaƙa, mai shigo da shinkafa. Ɗansa ya dawo daga karatu, ya tara abokansa bayan la'asar a bene na uku. Na ɗauki ƙanun a tsakanin ƙyauren taga biyu na ɗaure da igiya, kamar kafinta zai kai aiki. Da muka shiga, wani baƙo mai jan rawani ya dube mu daga sama har ƙasa ya tambayi maigidan da ƙarfi, don mu ji, ina gangunan, tunda Takarna aka kira. Haka suke kiran mu baƙaƙe. A wurinsa aikinmu shi ne duka ganga a titi ana juya sanda. Wasu suka yi dariya. Da na kwance ƙanun ya ce in yi hankali da kayan mutane, ina mai shi?

Na ɗauki mabuɗi na fara murɗa tsirkiya da sauri. Ustaz Bakur bai ɗaga kai ba. Da Hausa ya yi mini magana, a hankali.

"Ɗaure tsirkiyarka, Usman. Kada ka yi sauri saboda shi. Ya jira."

Na ɗaure su duka, ɗaya bayan ɗaya, har mutane suka fara gyaran murya. Sannan Ustaz ya juya ga mai jan rawanin ya tambaye shi cikin ladabi wane maƙami yake so a fara da shi, tunda ga alama masani ne. Mutumin ya ce Sika, yana zaton ya ɗaure mu, domin Sika a kan ƙanun marar maɓalli aikin farce ne daga farko har ƙarshe. Muka yi masa Sika. Muka yi ta har aka kira magariba, ba wanda ya taɓa kofin shayinsa. Mai jan rawani ya sa takalmi ya sauka. Ammi Sadaƙa ya raka mu har ƙofar gida da kansa, abin da ba a yi wa makaɗa, ya ce duk Alhamis gidansa namu ne.

Daga nan aka san mu. Zamani ma ya sassauta, aka daina tare mutum don ya rataya udu. Mun yi kiɗa a gidajen attajirai, a walimar masu dawowa daga tafiya, a ɗaurin aure ɓangaren maza, a gonakin bayan gari inda ake fita shan iska. Masu kira iri-iri ne. Akwai wanda ya san abin, yana rufe ido, in ka yi juyi mai kyau ka ji ya ja numfashi. Akwai wanda yake son a ce ya kira tahti kawai. Ustaz yana da doka biyu da bai taɓa karyawa ba: ba ma kiɗa ana cin abinci, kuma ba ma katse wasla don wani babba ya shigo. Wani attajiri a unguwar Sharafiyya ya sa aka shigo da tiren shinkafa da rago muna tsakiyar maƙamin Rast. Ustaz ya kife udunsa a cinya, ya ce bismillah, mu ma muna jin yunwa. Muka sauko muka ci tare da su, muka wanke hannu, muka sake farawa daga farko. Bai sake kiranmu ba. Uku daga cikin baƙinsa sun kira.

Shekarar wahala ta fara ne da abin da ya yi kama da alheri. Wani kamfanin faifai ya buɗe a garin, mai kula da kiɗansa wani Ustaz Fu'ad, mutum mai ilimi da ya yi karatun kiɗa a waje. Ya tara makaɗa kusan ashirin, goge irin na Turawa jere-jere, kowa da takarda a gabansa. Ya aiko a kira mu. Ya saurare mu da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Da muka gama ya ce abin yana da kyau amma faifai ba ya ɗaukar wasla, gefe ɗaya 'yan mintoci ne. A yanko waƙa ɗaya daga tsakiya, a zubar da fitar da kowa ke yi shi kaɗai, a rubuta a takarda, a sa gogen nan a baya su cika ta. Ustaz Bakur ya tambaye shi, in an yanko tsakiyar, wa zai gaya wa mai sauraro daga ina aka taso. Ustaz Fu'ad ya ce mutanen yanzu ba su da lokacin wannan. Ustaz Bakur ya ce to su nemi lokaci, mu muna nan. Ya sa udu a jaka.

Bayan kwana biyu Ustaz Fu'ad ya same ni a shago ni kaɗai. Ba shi da mai ƙanun. Ya ce zai koya mini karatun takarda cikin wata uku, ya saya mini sabon ƙanun mai maɓalli, ya mayar da iƙamata, wato takardar izinin zamana, kan kamfani, in bar zarto har abada. A lokacin ina da mata da 'ya'ya uku a ɗaki ɗaya, kuma maigidana kafinta ya tsufa, in ya faɗi takardata ta faɗi tare da shi. Na ce ya ba ni kwana ɗaya. Na je na gaya wa Ustaz Bakur. Ya ce ba zai hana ni ba, kuma ba zai ce na yi laifi ba, amma ƙanun ɗin dattijon Makka ba zai shiga can ba. Washegari na koma na tambayi Ustaz Fu'ad abu ɗaya: a cikin mutum ashirin ɗin nan, wa zan riƙa kallo in san lokacin shiga? Ya ce sandarsa zan kalla. Na ce masa na gode, ni kafaɗar Abdu na saba kallo. Ya ce zan yi nadama. Na ce mai yiwuwa.

Kuma shekarar ta so ta gaskata shi. Fayafayan kamfanin suka cika gari, gidajen da ke kiranmu suka sayi na'ura, masu biki suka koma neman babbar ƙungiya mai goge. Wata huɗu ba wanda ya ƙwanƙwasa mana ƙofa sai Ammi Sadaƙa. Ana cikin haka kafilin Abdu ya rasu, magada suka rufe garejin, iƙamarsa ta mutu. Aka tare shi a hanyar kasuwa da rana tsaka, kafin mu gama zagayen neman wanda zai tsaya masa an sa shi a jirgin ruwa zuwa Sudan. Jakar sarewarsa ma a ɗakin Ustaz ya bar ta.

Masu busa nai biyu suka zo neman gurbinsa, ɗaya ma ya fi shi gudun yatsa. Ustaz ya ba su shayi ya sallame su. Hamza ya yi masa magana, ya ce ya Ustaz, tahti ba sarewa ai gurgu ne, kuma yara na gida. Ustaz ya ce gurbin yana da mai shi. Muka ci gaba da zama mu uku duk bayan la'asar. In an zo wurin fitar Abdu, sai mu yi shiru daidai tsawon da yakan ɗauka, Hamza yana riƙe da bugu a hankali, sannan mu shiga. Ko a gidan Ammi Sadaƙa haka muka riƙa yi. Alhamis ta farko baƙi suka zaci mun manta ne. Ta uku, Ammi Sadaƙa ya kasa jurewa. Ya ce shi ba zai riƙa zama a gidansa yana sauraron rami ba, a ba shi cikakken sunan mutumin nan da garin da yake. Wata bakwai ana kai takarda ana dawowa da ita. Ni na koma yin ƙofa, Hamza ya koma ɗaukar buhu, Ustaz ya riƙa gyara wa mutane udu. Abdu ya sauka a tashar jirgi da takardar mai gadin sito a gidan shinkafar Ammi Sadaƙa, ya rame har wuyan rigarsa na yawo. Daga tashar ɗakin Ustaz ya wuce, ya buɗe jakarsa, ya duba sarewa bakwai ɗin ɗaya-ɗaya. Ya tambayi wanda ya riƙa shafa musu mai. Hamza ne, duk Juma'a, shi da ya ce a ɗauki wani.

Ba mu koma yadda muke da ba, kada in yi muku ƙarya. Gidajen da suka rage ba su fi a ƙirga da yatsu ba, amma waɗanda suka rage masu ji ne. Mun yi shekaru a haka. Gari ya faɗaɗa, na koma unguwar Madain Fahd, urg ya shigo ya kori har masu gogen da suka kore mu. Sannan hawan jini ya taɓa Ustaz Bakur, hannun hagunsa ya mutu. Udu ya ƙare. Murya ta rage, ta yi kauri, amma tana nan daram a kan maƙami.

A wannan hali ne Ustaz Fu'ad ya sake zuwa, kansa ya yi fari, kamfanin ya daɗe da rufewa. Ya zo da na'urar ɗaukar murya mai zare a kan faifai biyu masu juyawa. Ya ce tsoffin da suka san waƙoƙin nan suna ƙarewa, kuma ya bincika bai sami wanda ya riƙe wasla cikakkiya ba sai mu. Ya roƙi Ustaz ya bari a ɗauka. Ustaz ya tambaye shi minti nawa zai ba mu wannan karon. Ya sunkuyar da kai ya ce duk abin da zaren ya ɗauka.

Da hantsi muka zauna, ranar Talata, a ɗakin Ustaz. Ni na ɗauki abin da udu ke yi na haɗa da nawa. Muka shiga maƙamin Hijaz. Ustaz yana jingine da matashi, hannun da ya mutu a kan cinya, yana waƙa kamar ba abin da ya same shi. Abdu ya yi fitar da ban taɓa jin ya yi irinta ba. Muna cikin waƙa ta ƙarshe, wadda ake rufe wasla da ita, na ga zaren ya kusa ƙarewa. Ustaz Fu'ad ya ɗaga hannu yana roƙon mu dakata ya sa wani. Hamza ya kalli Ustaz. Ustaz ya ga hannun sarai, ya rufe ido ya ci gaba. Zaren ya ƙare, bakinsa yana ta kaɗawa yana bugun na'urar, mu kuma muka kai waslar har gida.

Da muka sauke, Ustaz Fu'ad ya ce don Allah a maimaita ƙarshen kawai, minti biyar, ya haɗa. Ustaz Bakur ya nemi ruwa ya sha.

"Ba a fara wasla daga ƙarshe, ya Fu'ad. Halas, an gama. Ka dawo wani makon mu yi ta daga farko, ka zo da zare mai tsawo."

Ustaz Bakur bai kai wani makon ba. Ranar Asabar muka kai shi makwancinsa.

Zaren yana nan, an juya shi a kaset, wasunku sun ji shi a gidana. Kun ji inda yake yankewa ana tsakiyar baiti, kun tambaye ni ko kaset ɗin ne ya lalace. Bai lalace ba. Abdu ya rasu, Hamza ya rasu. Abin da ya biyo bayan wurin nan ba ya cikin kowace na'ura a duniya, yana cikin hannun nan biyu da kan nan. Wanda yake son jin ƙarshen, ƙofata a buɗe take bayan la'asar. Amma daga farko za mu fara.